Idan sojojin waje suka naɗe tabarmarsu suka tafi, wa ke asara?

Tambaya: "Malam barka da warhaka. Kullum gardama muke a majalisa, wasu sunce tunda sojojin Faransa da Amurka suka bar Nijar an huta, wasu kuma sunce tsaro ƙara lalacewa yayi kuma mutane da yawa sun rasa hanyar abinci. Ni dai yayana yayi aikin gyaran esi da janareto a sansanin Amurka na Agadas, tunda suka tafi yake zaune. Don Allah meye ainihin abinda ke faruwa da tattalin arziki da tsaro idan ƙasa ta janye sojojinta daga sansanonin da take dasu a waje?"

Barka kadai ƙanena, Allah ya buɗa wa yayan naka wata ƙofar. Na daɗe ina harkar jigilar kaya da kwangilar kai kayan masarufi a yankin nan kafin na koma ɓangaren karatu da bincike, to kaga tambayar taka ta taɓo inda na sani. Mutanen majalisar ku duka suna da gaskiya ta wani gefen, matsalar kawai kowa abinda yake kallo daban, wani yana kallon tuta da mutunci, wani yana kallon tukunyar gidansa, wani kuma yana ƙirga gawarwaki. Ni idan aka ce min sojoji sun tashi daga wuri kaza bana fara tambayar su nawa ne, abinda nake tambaya shine wane aiki sansanin yake yi, kuma washegarin tafiyarsu wa ya karɓi wannan aikin. Duk wuraren da zan kawo maka a nan amsar tana cikin wannan.

Bari mu fara da Agadas ɗin tunda nan ne ya shafe ku. Sansanin da ake kira 201 Amurka ta kashe wajen dala miliyan 110 ta gina shi, jiragenta marasa matuƙi suka fara tashi daga nan a 2019, kuma sojojinta a Nijar gaba ɗaya basu wuce dubu ɗaya da 'yan kai ba. Anyi juyin mulki 26 ga Yuli 2023, Faransa ta gama kwashe sojojinta kusan 1,500 a Disambar shekarar, sai a 16 ga Maris 2024 Kanar Amadou Abdramane ya fito a talabijin yace an soke yarjejeniyar soja da Amurka. Suka bar sansanin 101 na Yamai a watan Yuli, suka miƙa na Agadas 5 ga Agusta, zuwa tsakiyar Satumba 2024 an gama.

Toh mutane idan suka ji dala miliyan 110 sai su ɗauka kuɗin a kasuwar Agadas aka zube su, wallahi ko kusa. Duk wanda yayi aiki da irin waɗannan sansanonin ya san yadda abin yake, abincinsu a kwantena yake zuwa, magani da kayan gyara a jirgi suke sauka, babbar kwangila kamfanonin ƙasarsu ake baiwa, albashin soja kuma a bankin garinsu yake shiga matarsa ta cire a can, shi kuwa yana cikin waya da katanga ba'a barinsa ma ya fito yawo ya sayi tsire. Abinda ke gangarowa gari shine na leburori, masu shara, masu wanki, masu gadi, direbobi, tafinta, masu kawo tsakuwa da yashi da ruwa, da masu gyara irin yayanka. Idan ka auna wannan da arzikin ƙasa gaba ɗaya ba wani abin a zo a gani bane, amma ga gidan da yake ci daga nan shine komai, domin albashi ne mai kauri da yake zuwa kan lokaci a garin da aikin albashi yayi ƙaranci, kuma ka san mutum ɗaya mai albashi a wajenmu baki nawa ne ke bayansa. Shiyasa zaka ji minista a babban birni yana cewa babu wata asara, mai shago a unguwa kuma yana cewa ciniki ya mutu, kuma dukansu basu yi ƙarya ba.

Akwai wani abokin hulɗata a Yamai da yake bada hayar motoci, manyan motocin jeji huɗu gareshi, biyu da bashi ya saye su saboda yana da kwangilar shekara da wani kamfani mai yiwa Turawa hidima. Da naje wajensa bayan an watse na same shi a ƙofar gida, motocin suna jere ƙarƙashin darbejiya ƙura ta rufe gilas har yara sun rubuta sunayensu da yatsa a jiki, direbobinsa uku suna zaune suna shan shayi ba don yana biyansu ba sai don basu da inda zasu. Yace min shi fa yana cikin waɗanda suka fita zanga-zangar a kori Faransa kuma har gobe baya nadama, amma banki bata san wannan yaren ba. Daga baya ya sayar da biyu ya biya bashi, ɗaya ya sa ta a hanya tana ɗaukar fasinja. Irin wannan asarar babu wanda ke rubuta ta a ko'ina, haka masu gidajen haya da masu otal da masu kawo kayan lambu. A Gao ta Mali abin ya ma fi haka muni, domin rundunar Faransa ta Barkhane ta fita a Agustan 2022 sannan rundunar Majalisar Ɗinkin Duniya ta MINUSMA mai mutum sama da dubu goma ta rufe a ƙarshen 2023, gari guda da ya saba da cinikin baƙi aka wayi gari babu su.

Amma ka lura da wani abu da 'yan gardama suke cakuɗawa. Wahalar da Nijar ta shiga a ƙarshen 2023 yawancinta bata da alaƙa da rufe sansani, takunkumin ECOWAS ne da rufe iyaka da yanke wutar da Najeriya tayi, ga tallafin ƙasashen Yamma da aka tsayar, har sai da gwamnati ta zaftare kasafin kuɗin shekarar da wajen kashi 40 cikin 100. Wannan shine darasin da ba'a cika faɗa ba, kuɗin da ke rakiyar sansani sun fi kuɗin sansanin kansa yawa, tallafin kasafi, horar da soja, kyautar jirage irin C-130 ɗin da Amurka ta baiwa Nijar, ayyukan raya karkara, duk a jaka ɗaya suke zuwa, kuma idan aka rabu baram-baram a jaka ɗaya suke komawa. Idan an rabu da mutunci kuwa sau da yawa sojan ya tafi tallafin ya zauna.

Wasu ƙasashen kuma sun mayar da abin sana'a ƙiri-ƙiri. Jibuti haya take karɓa, Amurka ita kaɗai ta amince ta riƙa biyan dala miliyan 63 a shekara kan sansanin Lemonnier a yarjejeniyar 2014, ga Faransa, ga Japan, ga Chaina da ta buɗe nata a 2017, kowa da nasa kuɗin. Ƙasa mai mutum wajen miliyan ɗaya, idan waɗannan 'yan hayar suka tashi rana ɗaya baitulmali ne zai girgiza ba unguwa ba. Kirgizistan ma a 2009 tayi barazanar rufe sansanin Manas, Amurka ta ɗaga haya daga dala miliyan 17 da ɗoriya zuwa miliyan 60, suka ci gaba da karɓa har 2014 sannan aka rufe. Kaga su ciniki suka ɗauke shi.

Inda nafi so ka tsaya ka duba da kyau shine Filifin, domin a ƙasa ɗaya, a lokaci ɗaya, sansani biyu, sakamako biyu. A da Amurka tana da sansanin jiragen sama na Clark da na jiragen ruwa na Subic, manya ne ƙwarai, dubun-dubatar 'yan ƙasa ke aiki ciki har ana cewa bayan gwamnati babu mai ɗaukar ma'aikata kamarsu. A Yunin 1991 dutsen Pinatubo yayi aman wuta toka ta binne Clark, Amurkawa suka fice a gaggauce, da aka miƙa wurin kuwa sai wawa ta biyo baya, ƙofofi, tagogi, wayar wuta, kwanon banɗaki, duk abinda zai ciru an cire, wurin ya daɗe kafin ya farfaɗo. A 16 ga Satumba 1991 majalisar dattawan ƙasar ta ƙi sabunta yarjejeniyar da ƙuri'a 12 da 11, Amurka ta bar Subic a Nuwamban 1992. To magajin garin Olongapo na lokacin, Richard Gordon, ya ga abinda ya faru a Clark, sai ya tara dubban mutanen gari 'yan sa kai, yawanci waɗanda suka rasa aikin ne, suka riƙa gadin wurin dare da rana ba albashi, suna yanke ciyawa suna share tituna suna kula da injin wuta da famfo don kar su mutu. Saboda wurin ya tsira da lafiyarsa aka mayar da shi yankin ciniki mara haraji, kamfanin jigilar kaya na FedEx ya kafa cibiyarsa ta Asiya a nan a 1995, masana'antu suka shigo, daga baya wani kamfanin Koriya ya gina katafaren wurin ƙera jiragen ruwa. Ba wai komai ya tafi sumul ba, FedEx ɗin ta koma Chaina a 2009, kamfanin jiragen ya karye a 2019, ga dattin guba da sojojin suka bari a ƙasa da ruwa wanda aka daɗe ana shari'a da kuka a kai. Amma dai garin bai mutu ba.

Singafo ta fi su shiri. A Janairun 1968 Birtaniya ta sanar cewa zata kwashe sojojinta zuwa 1971 saboda aljihunta ya huje, kuma a lokacin abinda sojojin ke kashewa ya kai wajen kashi 20 cikin 100 na tattalin arzikin tsibirin, ka ji fa, kashi ɗaya cikin biyar. Firaministansu Lee Kuan Yew ya tashi takanas har Landan ya nemi a ɗan ƙara lokaci, ya kafa ofis guda aikinsa kawai tsara abinda za'a yi da kowane fili da kowane gini, tashar gyaran jiragen yaƙi ta Sembawang aka mayar da ita kamfanin gyaran jiragen kasuwa tun 1968 da ma'aikatanta, sannan dama tun 1967 sun fara tilasta wa matasa aikin soja don su gina rundunar kansu. Kafin Baturen ƙarshe ya fita an riga an san inda kowa zai faɗa. Ba'a fafe gora ranar tafiya, su sun fafe tasu da shekara uku. Sai dai kar mu yaudari kanmu, Subic da Singafo tashoshin ruwa ne a kan hanyar kasuwancin duniya, Agadas kuma titin jirgi ne a bakin Sahara, ba kowane sansani ne yake juyuwa ya zama kasuwa ba. Abinda zai iya zama shine filin jirgin kaya da na sojan ƙasa, kuma ko wannan ɗin yana cin kuɗin kulawa duk shekara, titin jirgi da janareto da na'urori idan aka barsu wa rana da rairayi shekara kaɗan suke lalacewa.

Ita kuma ƙasar da ta janye, mutane suna zaton tara kuɗi take. Tana ragewa amma ba kamar yadda ake zuzutawa ba, domin sojan da ka dawo dashi gida ba korarsa kayi ba, albashinsa yana nan, fanshonsa yana nan, sai ma ka gina masa bariki da makarantar 'ya'ya. Riba ta gaske sai idan an rushe rundunar gaba ɗaya, kamar yadda akayi bayan yaƙin cacar baka lokacin da sojojin Amurka a Jamus suka sauko daga sama da dubu 200 zuwa wajen dubu 35 na 'yan shekarun nan. Kuma wasu masu masaukin biya suke, Japan tana bada sama da yen biliyan 200 duk shekara, Koriya ta Kudu ita ta ɗauki wajen kashi 90 cikin 100 na kuɗin faɗaɗa sansanin Humphreys da ya haura dala biliyan 10. Shiyasa da Trump yace a kwashe kusan soja dubu 12 daga Jamus a 2020, ma'aikatar tsaronsa da bakinta tace aikin kwasar kansa zai ci biliyoyin daloli, Biden yazo ya dakatar. Kwashe kaya tsada gareshi, Faransa da zata bar Nijar iyakar Benin a rufe take, dole ta bi ta hanya da ayarin motoci fiye da kilomita 1,500 zuwa Injamena. Inda Faransa ta huta da gaske shine Barkhane, wadda a ƙarshe-ƙarshenta take cin kusan yuro biliyan ɗaya a shekara, ga sojojinta sama da 50 da suka mutu a Sahel.

Yanzu tsaro, wanda nan ne gardamar tafi zafi. Soja dubu ɗaya a ƙasa mai faɗin Nijar ba sune ke tsare ƙauyuka ba, ko sun so ba zasu iya ba. Abinda baƙon soja ke kawowa shine ido a sama, jirgin da zai ɗauki soja ko mai rauni cikin dare, bayanan leƙen asiri, da makanikan da ke sa jirage su ci gaba da tashi. Idan ya tafi waɗannan ne ke tafiya. Afganistan ce misali mafi tsanani, an gina musu runduna irin ta Amurka wadda bata iya motsi sai da jirgin sama, kuma jiragen 'yan kwangilar waje ne ke gyara su, da 'yan kwangilar suka tafi a 2021 jirage suka fara kwanciya ɗaya bayan ɗaya, sojan da ke wani lungu harsashi ya ƙare abinci ya ƙare albashi baya zuwa, da Taliban suka aiko dattawan gari da tayin ka ajiye bindiga ka tafi gida lafiya sai ya karɓa. A farkon Yulin 2021 Amurkawa suka bar sansanin Bagram cikin dare suka kashe wuta, kwamandan Afganistan da zai karɓi wurin yace sai bayan awa biyu ya sani, kafin sojojinsa su shiga ɓarayi sun riga su. 15 ga Agusta Kabul ta faɗi. Ƙasar da wajen kashi uku cikin huɗu na abinda gwamnatinta ke kashewa tallafin waje ne, kaga tsaro da tattalin arziki rana ɗaya suka rushe. Iraƙi ma Amurka ta fita a Disambar 2011, a Yunin 2014 Mosul ta faɗa hannun ISIS, amma a can duk wanda ya bi labarin ya san siyasar wariya ta gwamnatin firaminista Maliki da cin hanci a cikin runduna su suka tsaga bangon, ƙadangaren shiga kawai yayi.

A Sahel fa, kar wani ya ruɗe ka da cewa lokacin da baƙi suke nan lafiya ake. Faransa ta shigo Mali a Janairun 2013, a 2020 sojojin Barkhane sun kai 5,100, jiragen Amurka suna shawagi, amma a Disambar 2019 aka kashe sojojin Nijar 71 a Inates, bayan wata ɗaya aka kashe 89 a Shinagodar. A Tongo Tongo ma a Oktoban 2017 sojojin Amurka huɗu aka kashe tare da na Nijar. Shekara goma ana abu ɗaya ta'addanci yana ƙara yaɗuwa daga arewacin Mali zuwa tsakiya zuwa Burkina zuwa Tilaberi, to talakan da yace me zamansu ya tsinana min tambayarsa tana kan hanya, kuma wannan fushin ne sojojin juyin mulki suka hau.

Amma gaskiya ɗaya ce, bayan tafiyar abin bai gyaru ba. Nijar kafin juyin mulki ita ce ta ɗan fara samun sauƙi a tsakaninta da Mali da Burkina, a 2024 kuma waɗanda ta'addanci ya kashe sun kusa ninka na shekarar da ta gabata, kuma a wannan shekarar sama da rabin duk mutanen da ta'addanci ya kashe a duniya a Sahel ne. Mali ta karɓe Kidal a Nuwamban 2023, abinda ta kasa yi shekaru ana zaune da Faransa da MINUSMA, kuma wannan nasara ce da mutanen Bamako suka ji daɗinta har zuci, amma a Yulin 2024 aka yiwa sojojinta da sojojin hayar Rasha 'yan Wagner mummunar ɓarna a Tinzawaten, a Satumba aka kai hari cikin Bamako kanta har filin jirgi, a 2025 kuma ƙungiyar 'yan ta'adda ta JNIM ta riƙa ƙona tankokin mai a hanya har birnin ya shiga layin mai aka rufe makarantu. Shin tafiyar baƙi ce ta jawo duk wannan? Ni a ganina kaso ne kawai. A Nijar ma aikin haɗin gwiwa da Amurka ya tsaya tun bayan juyin mulkin, shekara guda kafin a rufe sansanin jiragen yawanci kansu suke gadi, ma'ana idon ya rufe tun kafin baƙon ya fita ƙofa. Sannan manyan hafsoshi sun koma kujerun minista da gwamna, an ja zaratan sojoji zuwa babban birni don gadin mulki, tattaunawar da ake da wasu al'ummomi a ƙarƙashin ƙasa ta tsaya, haɗin kai da maƙwabta yayi rauni har Nijar ta fice daga rundunar haɗin gwiwa ta tafkin Chadi a 2025. Duk waɗannan tare suka faru, wanda yace maka ya iya ware kason kowanne daidai to faɗa kawai yake.

Masu cewa ai an kawo Rasha, eh sun sauka Yamai a Afrilun 2024, kuma Nijar tana da jirage marasa matuƙi na Bayraktar da ta saya daga Turkiyya tun 2022, wanda ni nake ganin shine mataki mafi ma'ana domin naka ne, kai ke cewa ya tashi. Amma jirgi mara matuƙi ba sayensa ne wahala ba, masu karanta hoton da yake aikowa, da kayan gyara, da makamin da ake sake saya da dala, da sojan ƙasa da zai isa wurin kafin mutanen su watse, nan aikin yake. Kuma idan ka sallami baƙo ka ɗauko wani baƙon ya riƙe maka abu ɗaya, zanen aro ne dai har yanzu, launi kawai ya canza.

Filifin ɗin da na yaba ma ta ɗanɗana nata ta wannan ɓangaren. Shekara biyu da 'yan watanni bayan rufe Subic, a farkon 1995, aka wayi gari Chaina ta kafa gine-gine a wani wuri a teku mai suna Mischief Reef cikin ruwan da Filifin ke cewa nata ne, ita kuma bata da jiragen ruwan da zata ce uffan, domin shekaru tana kwance a inuwar wani bata gina nata ba. A 1999 ta amince da yarjejeniyar ziyarar sojojin Amurka, a 2014 ta sake wata, a 2023 wuraren da Amurkawa ke iya amfani dasu suka kai tara. Sun dawo kenan, sai dai wannan karon sansanonin na Filifin ne, ita ke da makulli. Wannan salon ne manyan ƙasashe suke komawa yanzu, ƙananan wurare, sojoji masu zuwa su koma, ba tuta ba hayaniya.

Akwai kuma tambayar da ba'a so a yi, tsaron wa sansanin yake yi, na talaka ko na mai mulki? Chadi ce zata baka amsa. A Fabrairun 2008 'yan tawaye suka shiga har Injamena, taimakon Faransa na cikin abinda ya tsirar da shugaba Idriss Deby, a Fabrairun 2019 kuma jiragen Faransa da kansu suka yi ruwan bama-bamai kan ayarin 'yan tawayen da suka taso daga Libiya. Ɗansa Mahamat ya soke yarjejeniyar a ƙarshen Nuwamban 2024, zuwa ƙarshen Janairun 2025 Faransa ta miƙa Faya da Abeshe da sansanin Injamena. Makiyayin da ke rikici da manomi a kudu ko mai kamun kifi a tafki babu abinda ya canza masa, wanda ya rasa laima shine fadar shugaban ƙasa, kuma tun kafin ya yanke shawarar ya riga ya nemi wasu abokan irin su Daular Larabawa da Turkiyya. Senegal da Kwaddibuwa suma sun karɓi nasu sansanonin a 2025 cikin biki da musafaha, babu wanda yaji ƙasa ta girgiza, saboda babu yaƙi a tsakiyar gidansu kuma an tsara abin a zaune.

Mu a Najeriya wannan gardamar tsohuwa ce, yarjejeniyar tsaro da Birtaniya ta 1960 zanga-zangar ɗalibai ce ta sa gwamnatin Tafawa Ɓalewa ta soke ta a Janairun 1962, kuma a 2024 da aka fara raɗe-raɗin za'a dawo da sansanonin da aka kora daga Nijar nan, wasu malaman jami'a da dattawan Arewa suka rubuta wasiƙar ƙin amincewa, gwamnati tace babu wannan maganar. Amma abinda ya faru a maƙwabta ya taɓa mu ko muna so ko bama so, iyakarmu da Nijar ta kai wajen kilomita 1,500, duk lokacin da sintiri yayi sanyi a can mutanen Sakkwato da Kebbi da Zamfara ne ke fara ji a jikinsu, maganar Lakurawa da ta fito fili a ƙarshen 2024 ai kowa ya gani.

Shi kuma yayanka, ka faɗa masa abinda ke hannunsa yafi albashin da ya rasa daraja idan ya iya tallata shi. Wanda ya saba gyaran manyan janareto da na'urorin sanyi a ƙa'idar da waɗancan mutanen ke bi, da rubuta rahoton aiki da kiyaye lokaci, ba'a samunsa a kowane gareji. Ya tattara duk wata takardar shaida ko katin aiki ko wasiƙar yabo da kamfanin kwangilar ya taɓa bashi, idan bai karɓa ba ya nemi tsohon ogansa ko ta WhatsApp ya turo masa, domin kamfanonin nan idan kwangila ta ƙare ofis ɗinsu ɓacewa yake. Idan akwai haƙƙin sallama da ba'a biya ba, su haɗu su da yawa su kai ofishin sufeton ƙwadago, kamfanin da ya ɗauke su aiki zasu nema ba sojojin ba, kuma kar su bari abin ya kwana da yawa. Daga nan ya duba wajen kamfanonin waya masu janareto a gindin kowane ƙarfen sabis, da asibitoci masu ɗakin ajiye magani, da wuraren haƙar zinariya da na mai, sannan ya koyi haɗa sola ko na wata uku ne, don yanzu a Agadas da Yamai da Kano duk mai ɗan hali ita yake sawa.